Ango da Amarya a Littafin Kirista, da Yadda Misalin Ya Iso Ƙasar Katagum

Garin Hardawa, wanda a yau ake lissafa shi cikin ƙaramar hukumar Misau, yana cikin yankin nan da Turawan mulki suka haɗa ƙarƙashin Di'o guda, wato ƙasar Katagum da ta Misau da ta Jama'are, suka ajiye ofishinsu a Azare, inda fadar Sarkin Katagum ta komo a shekarar 1916. Kuma tun daga zamanin da Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, ba a san wannan yanki da kome ba kamar allo da tawada, da noman gero da gyaɗa, da kiwon shanu. Ƙasa ce ta Musulmi, birninta da ƙauyenta. Amma duk da haka, wanda ya ratsa wasu unguwannin Azare ranar Lahadi da hantsi, ko ranar Asabar idan ana ɗaurin aure, zai ji waƙa da wa'azi suna fitowa daga majami'a da Hausa tsantsa, kuma idan ya dakata ya kasa kunne, mai yiwuwa ne ya ji fasto yana cewa jama'ar masu bi amarya ce, Almasihu kuwa shi ne angonta. Wannan magana takan yi wa kunnen Musulmi nauyi ainun, har wani ya yi a'uziyya ya ƙara sauri, yana zaton ana jingina wa Allah mata ne. Na ga ya dace a bi sawun maganar tun daga tushenta, a ga hanyar da ta biyo ta shigo harshenmu, da abin da ta haifar a gidajen mutane, domin maƙwabtaka ba ta daɗi muddin kowa yana hukunta ɗan'uwansa da zato.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, malaman Yahudu da na Kirista ba su ɗauki wannan zance a kan haƙiƙa ba. Majazi ne a wurinsu, irin wanda duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta balaga ya san hukuncinsa. Abin da suke nufi da shi alkawari ne. Sun riƙe cewa Allah ya ƙulla alkawari da Bani Isra'ila a Dutsen Sina'i ta hannun Annabi Musa, cewa su bauta masa shi kaɗai, shi kuma ya jiɓinci lamarinsu. Da masu wa'azinsu suka nemi wani abu cikin zaman duniya wanda zai kusanto da wannan ma'ana ga hankalin manomi da makiyayi, abin da ake shiga da yarda, a gaban shaidu, bisa sharuɗɗa, wanda yake da kishi a cikinsa, wanda cin amana ke rushewa, haƙuri kuma ya sake ginawa, sai ba su sami abin da ya fi aure ba. Ciniki yana ƙarewa da an biya kuɗi an karɓi kaya, ƙodago yana ƙarewa da faɗuwar rana, amma aure kullum gari ya waye yana nan.

Wanda ya fara shimfiɗa misalin da faɗi shi ne wani da suke lissafawa cikin annabawansu, mai suna Yusha'u, wanda ba shi ne Yusha'u ɗan Nun yaron Annabi Musa ba. Wannan ya rayu ne a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, a masarautar Isra'ila ta arewa, zamanin sarki Yerobowam na biyu, lokacin da wadata ta yi yawa, mutane suka koma yanka da roƙo ga gunkin Ba'al, gunkin nan da Alƙur'ani ya ambata cikin ƙissar Annabi Ilyasu, suna ganin shi ke ba su ruwan sama da hatsi da mai. Littafin da ke ɗauke da sunansa ya ce an umarce shi ya auri wata mace mai suna Gomer 'yar Diblayim, wadda ba za ta riƙe amanarsa ba. Ta haifi 'ya'ya uku, aka raɗa wa ta biyun suna mai nuna an ɗauke tausayi, na ukun kuma suna mai nuna an yanke dangantaka. Daga baya ta fice ta bi waɗansu maza, tana zaton su ke ba ta ci da sha da sutura, alhali kuwa daga rumbun mijinta duk suke fitowa. Sai aka sake umartarsa ya tafi ya komo da ita, ya fanshe ta da azurfa shekel 15 da wani ma'aunin sha'ir. Fassarar a fili take cikin littafin: matar ita ce al'umma, fitarta ita ce shirka, mijin da ya bi bayanta bayan ta tozarta shi kuwa misali ne na rahamar Ubangiji. Ba a daɗe ba bayan wannan wa'azi Assuriyawa suka ci Samariya, babban birnin ƙasar, a shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa.

A nan Musulmi zai tsaya, kuma yana da hujjar tsayawa, domin malamanmu na tafsiri, da suka zo kan matar Annabi Nuhu da matar Annabi Luɗu cikin Suratut Tahrim, sun tafi a kan cewa ha'incinsu na addini ne ba na shimfiɗa ba, saboda Allah ya tsare gidan annabci daga irin wannan. Wannan saɓani ne na gaske, ba kuwa zan rufe shi da zance mai daɗi ba. Sai dai wanda ya ajiye batun ingancin ƙissar gefe guda na ɗan lokaci, ya dubi abin da ake son isarwa, zai tarar ya san shi tun yana yaro, domin babu gida a Hardawa ko Cinade ko Shira da ba a taɓa yin yaji da biko a cikinsa ba. Kowa ya ga mace ta ɗaure kayanta ta tafi gidan iyayenta, kowa kuma ya ga mijin da ya haɗiye fushinsa, ya nemi wani dattijo ya raka shi, ya cire takalmi a ƙofar zauren surukinsa ya durƙusa, ya saurari faɗa, wani lokaci a kan laifin da ba nasa ba, don dai a ba shi matarsa. Mutane sukan ce wa irin wannan miji ya cika haƙuri, wasu su ce ya faye sanyi. To, abin da Yusha'u ya tsaya a kai ke nan: cewa wanda aka saɓa wa shi ne ya tafi biko, ba don an fi ƙarfinsa ba, sai don bai yarda alkawarin ya mutu ba.

Bayan Yusha'u da fiye da shekara 100 Irmiya, wani cikin annabawansu, ya ɗauki misalin a Urushalima, wato Baitul Maƙdis, a shekarun da suka gabaci rushe ta da Bukhtanasar sarkin Babila ya yi a 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya tuna wa mutanensa kwanakin amarci, yadda suka bi Ubangijinsu cikin hamada babu gona babu rijiya, sa'an nan ya ce masarautar arewa an riga an miƙa mata takardar saki, 'yar'uwarta ta kudu kuwa ta gani da idonta amma ba ta wa'azantu ba. Akwai wata mas'ala ta shari'a a nan da za ta ja hankalin mai karatun fiƙihu. A Attaurar da ke hannunsu, idan mutum ya saki mace ta auri wani, to, ta haramta ga na farin har abada, ko da na biyun ya sake ta ko ya mutu. Mu kuwa a wurinmu wadda aka yi wa saki uku ba ta halatta ga na farin sai ta auri wani aure na gaskiya. Irmiya ya kawo wannan hukunci nasu ne don ya nuna cewa bisa ƙa'ida babu sauran hanyar kome, sa'an nan ya ce duk da haka ana kiransu su komo, don mai sauraro ya gane cewa afuwar da ake tayi ta wuce abin da alƙali zai iya yankewa. Ezekiyel, wanda ya yi wa'azi cikin bayin da aka kwasa zuwa Babila, ya kwatanta birnin da jaririyar da aka yar a fili ba a yanke mata cibiya ba, aka tsince ta aka rene ta aka yi mata ado, ta girma ta butulce. Lafazinsa yana da kaushi ƙwarai, har malamansu da yawa ba sa son karanta shi a gaban yara. A ƙarshen littafin Ishaya kuwa murya ta yi laushi, aka koma zancen matar ƙuruciya wadda aka ƙaurace wa ɗan lokaci kaɗan aka komo da ita, da farin cikin ango ranar da aka kai masa amarya.

Akwai kuma wani ɗan littafi mai babi 8 da ake kira Waƙar Waƙoƙi, wanda suke jingina wa Annabi Sulaimanu, wanda a zahirinsa waƙar soyayya ce tsakanin saurayi da budurwa, kusan ba a ambaci sunan Allah a cikinsa ba, har waɗansu suka yi jayayya a kan matsayinsa. Malamin Yahudawa Akiba, wanda ya rasu wajen shekara ta 135 bayan haihuwar Annabi Isa, ya tsaya masa tsayin daka, aka karanta shi da tawili a kan Allah da Bani Isra'ila. Orijen na Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3, ya yi masa sharhi a kan Almasihu da ikilisiya, wato jama'ar masu bi, da kuma Almasihu da ran mumini. Barnad na Kilebo a ƙasar Faransa, wanda ya rasu a 1153, ya yi huɗuba 86 a kansa, ajali ya riske shi bai wuce farkon babi na uku ba. Wannan hanya ta ɗaukar lafazin ƙauna a nufi baɗini ba baƙuwa ba ce ga zaurukanmu. Rabi'atul Adawiyya ta Basra ta ƙi aure saboda zuciyarta ta cika da son Ubangijinta. Ibnul Farid na Masar, wanda ya rasu a 1235, ya cika baitocinsa da zancen masoyi da giya alhali ba su yake nufi ba. Ibnu Arabi kuwa, da aka zarge shi a kan Tarjumanul Ashwaƙ, sai da ya zauna ya rubuta sharhi da hannunsa yana bayyana muradinsa. Mu ma da muka tashi muna jin makafi suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, muna jin masu bege suna kukan rabuwa da Madina, mun san cewa harshen ƙauna yana da ƙofa ta biyu.

Da aka zo Sabon Alkawari, wato Linjila da wasiƙun manzanninsu, sai aka ɗora matsayin ango a kan Almasihu, kuma a nan ne misalan suka fi kama da bikinmu, har mutum ya yi mamaki. A Linjilar Yahaya, wanda ba shi ne Annabi Yahaya ba, babi na 3, da almajiran Annabi Yahaya suka zo masa da ƙorafin cewa mutane sun bar shi sun koma wurin Isa, sai ya amsa musu da cewa shi abokin ango ne, amarya kuwa ta ango ce, kuma murnarsa ta cika da ya ji muryar angon. Duk wanda ya taɓa zama babban aboki a biki ya san nauyin wannan jawabi, domin shi ke raba goron gayyata, shi ke zirga-zirga tsakanin gidaje biyu, shi ke shan tsiyar ƙawayen amarya, shi ke zare kuɗi daga aljihunsa, sa'an nan idan kome ya kammala, shi ne na farko da zai miƙe ya ce sai da safe, ya jawo ƙofa ya tafi gida, ba ya neman a tuna da shi.

Misali na biyu yana cikin Matiyu babi na 25, kuma ina so a dube shi da idon wanda ya ga daren kai amarya a ƙauyukanmu kafin wutar lantarki da fitilar hannu mai batir su yawaita. An yi wa yarinya wanka da la'asar, gwaggonninta sun zaunar da ita sun yi mata nasihar yi da bari, an lulluɓe ta tana kuka, an rako ta bayan isha'i da guɗa da waƙa har ɗakinta. Manyan mata sun duba jere, sun sa albarka, sun watse. Saura ƙawaye, sun kewaye ta a bakin gado, ƙamshin turaren wuta da na sabuwar tabarma ya cika ɗakin, fitilar ƙwai tana kan kwalla, wata aci-bal-bal tana bakin ƙofa, ana jiran ango da abokansa su zo sayen baki. Ango kuwa ba ya zuwa da wuri, don zuwa da wuri rashin kunya ne. Yana can wani zaure ana hira ana jan lokaci. Tun 'yan mata suna waƙa suna shirya farashin da za su yanka, har murya ta dushe, wannan ta jingina da bango, waccan ta ɗora kai a cinyar 'yar'uwarta. Can dare ya raba sai a ji takun mutane da gyaran murya a tsakar gida, wata ta zabura ta ce ga su nan, kowa ta gyara ɗaurin kallabi, a kai hannu a murɗa lagwani. Idan kananzir ya ƙone, sai lagwanin ya yi ja ya yi hayaƙi ya mutu, kuma a wannan sa'a babu mai tebur ko ɗaya da idonsa biyu a garin. Misalin da ke cikin Linjila ke nan kusan daki-daki: 'yan mata goma da fitilunsu suna jiran ango, biyar sun yi guzurin mai, biyar ba su yi ba, ango ya yi jinkiri, barci ya kwashe su duka, aka yi shela da tsakar dare, marasa mai suka tafi nema, kafin su komo an shiga an rufe ƙofa. Manufarsa ita ce shirin Ranar Sakamako wadda babu wanda ya san sa'arta, wa'azin da kowane mai tafsirin azumi yake yi da nasa lafazin.

Bulus, ɗaya daga manzannin nasu, cikin wasiƙarsa ga mutanen Afisa babi na 5, ya juya misalin ya fuskanci gida, ya ce mace ta yi wa mijinta biyayya, miji kuma ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta. Littafin ƙarshe, Wahayin Yahaya, ya rufe da walimar aure, da sabuwar Urushalima tana saukowa cikin ado kamar amarya. Saboda haka malamansu sukan ce littafinsu ya buɗe da auren Adamu da Hauwa'u, ya rufe da wani auren.

Yanzu sai hanyar da duk wannan ya biyo ya iso mu, hanya ce kuwa mai kewaye. Kiristocin Turai na farko da aka tabbatar sun taka Katagum su ne Kyaftin Klafaton da Likita Odni, waɗanda suka fito daga Barno suka sauka wurin Sarki Ɗankauwa a Janairun 1824. Odni ya rasu a Murmur cikin watan nan, aka binne shi a can. Ba masu wa'azi ba ne, matafiya ne. Amma da Klafaton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Nasara na dā da saɓaninsu, har baƙon ya rasa amsa, kuma da ya komo a 1826 ya kawo wa Bello littattafai da Larabci, cikinsu har da sassan littafin Kirista. Ina ambaton wannan ne don a san cewa neman sanin abin da Ahlul Kitabi suke riƙe da shi, daga bakinsu da littafinsu, ba bidi'a ba ce a wannan daula. Aikin shugabanninta ne na farko.

Shigar littafin cikin Hausa kuwa ta faro ne daga wani Bajamushe mai suna Schön, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta CMS, wanda bai taɓa zama ƙasar Hausa ba, ya dogara da bakin mutane irin su Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da matafiyi Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, wato misalin 'yan mata goma ya shiga harshenmu tun kafin Turawa su ci ƙasar da kusan shekara 50, sai dai babu mai karanta shi a nan. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya sami zama a Zariya a 1905, aikinsu ya koma Wusasa a 1929, kuma a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, shi ne jagoran fassarar, tare da waɗansu Turawan mishan da Hausawan da suka yi aiki da shi. An sake wata fassara a 1980 da Hausa mai sauƙi.

Amma littafin bai miƙo daga Zariya zuwa Azare kai tsaye ba. Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba, saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi shekaru masu yawa, sai suka fuskanci duwatsun Filato da kudancin Bauchi da kudancin Zariya da Adamawa: ƙungiyar SUM, wadda ta fara sauka a Wase a 1904, da SIM, wadda cocin ECWA ya fito daga cikinta a 1954. Da yake harsunan wuraren nan suna da yawa, sai Hausa ta zama harshen makaranta da na ibada a tsakaninsu. Ta haka Basayi da Ba'angashe da Batangale suka haddace waɗannan misalai da Hausa, kuma 'ya'yansu da jikokinsu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da akawuna, su ne suka zo da littafin cikin akwatunansu da aiki ya kawo su Azare da Misau, musamman bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, suka tarar da 'yan kasuwa mutanen kudu waɗanda suka riga su zuwa da nasu harsunan. Littafi ne da aka fassara domin Bahaushen birni, ya tafi ya yi shekaru a kan duwatsu, sa'an nan ya gangaro.

Abin da misalin ya haifar a gidaje shi ne wurin da zuciyata ta fi tsayawa. Daga cewa ango ɗaya ne amarya ɗaya ce, malaman coci suka ƙarfafa hukuncin mace ɗaya ga miji ɗaya, ba saki. Dokar aure ta Turawa da aka kafa a Ikko a 1884 ta tsaya a kan mace ɗaya, taron bishop-bishop na Angilikan da aka yi a Lambeth ta Landan a 1888 kuma ya yanke cewa ba za a yi wa namiji mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, yawancin ƙungiyoyin mishan suka bi wannan tafarki. To, a ƙasar da dattijo mai rufin asiri yake da mata biyu ko uku, ma'anar hukuncin ita ce ya zaɓi ɗaya ya sallami saura, kuma wadda ake sallama sau da yawa ita ce wadda ƙarfinta ya ƙare, wadda ta haihu ta yi noma ta ga jikoki a gidan, ba ta da laifin kome sai na zuwa ta biyu, ko na tsufa. A ganina wannan kuskure ne babba, domin an ɗauki misalin da asalinsa miji ne ya ƙi rabuwa da matar da ta ci amanarsa, aka sa shi ya zama dalilin korar matan da suka riƙe amana. Su kansu sun gane haka, ko da yake a makare: a taron Lambeth na 1988, bayan shekara 100 cif, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka, aka yarda a karɓi irin wannan mutum da iyalinsa ba tare da tilasta masa sakin kowa ba, bisa sharaɗin ba zai ƙara wata ba.

Akwai kuma wata karkata da misalin ke iya jawowa idan ya faɗa hannun jahili, wato a ga tun da kullum mace ce ke tsaye a matsayin mai laifi, to, mata su ne tushen saɓo, miji kuwa yana da ikon hukunta su yadda ya so. Wanda ya karanta da lura zai ga waɗanda Yusha'u da Irmiya suke kira mace maciya amana, a sahun gaba, sarakuna ne da limamai da attajirai, wato maza masu rawani, an tsayar da su a matsayin mace ne don su ji kunyar da suka saba ɗora wa wasu. Haka nan a wasiƙar Bulus, kaya mafi nauyi a kan miji aka ɗora shi. Fastocin da suka san aikinsu sukan tsaya a nan ranar ɗaurin aure, bayan an kai lefe an biya sadaki kamar yadda al'adar ƙasa ta tanada, matan ƙungiyar Zumunta ta coci sun shigo da amarya cikin ankonsu suna buga tulu suna guɗa, su juya ga ango su tambaye shi ko ya ji abin da aka karanta, ko kuwa kunnensa ya tsaya a kan kalmar biyayya kaɗai.

Mu Musulmi ba mu siffanta Allah da ango, kuma ba za mu yi ba, domin Alƙur'ani ya zaɓa mana lafazin Ubangiji da bawa, ya kore mata da ɗa daga gare shi a Suratul An'am da Suratul Jinn, kuma matsayin da Kirista suke ba Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda a kansa ne misalin ango ya ginu, shi ne ainihin inda aƙidarmu ta rabu da tasu. Sai dai mai karatu ya lura da abu guda: siffar ƙarfi da nauyi da Alƙur'ani ya yi wa alkawarin aure a Suratun Nisa'i, ita ce ya yi wa alkawarin da aka riƙa daga Bani Isra'ila a cikin surar nan, ita ce kuma ya yi wa wanda aka riƙa daga annabawa a Suratul Ahzab. Ashe ɗaukar aure a matsayin abin da ke kusa da alkawarin Allah ba nasu ba ne su kaɗai, kuma yawan zawarawan da ke zaune a gidajen iyayensu daga Azare har Gamawa, waɗansu ba su kai shekara 20 ba, ya isa ya sa mu tambayi kanmu ko mun ba wannan alkawari haƙƙinsa.

Saboda haka ina roƙon ɗan'uwana mai karatu, idan abokin aikinsa ko maƙwabcinsa Kirista ya kawo masa katin biki, ya tafi ya taya shi murna gwargwadon abin da addininsa ya yardar masa, kuma idan ya ji an ambaci ango da amarya a kan abin da ya wuce yaro da yarinyar da ke tsaye, kada ya yanke hukunci a ransa ya tashi. Ya jira a watse, ya sami faston ko wani dattijo cikinsu ya tambaye shi abin da suke nufi, yadda Sarkin Musulmi Bello ya tambayi baƙonsa. Malamanmu na zaure da na jami'a kuma, waɗanda suka san Larabci da balaga, su suka fi cancanta su fara wannan tambaya, su kuma bayyana wa almajiransu amsar da gaskiya.